Yadda Aka Raba Lasifikan Baban Rabi

Ku matso kusa, maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Bana shekara bakwai da rasuwar maigidana, Baban Rabi, direban tirela, kuma har yau ban huce ba.

Ba ya taba, ba ya goro. Abinsa ɗaya ne, sauti. Daga Kwatano ya kawo mana na'ura nan unguwar Lajifarani, a Paraku, mai cin wani faifai na musamman, ba irin na bakin tasha ba. Waya guda ce ke fita daga bayanta zuwa amfili, akwatin ƙara sauti, a cikinta hanyoyi shida na sauti ke tafiya, kowace da lasifikarta. Uku a gaba, biyu a baya, ƙatuwar a ƙasa. Ban yi boko ba, amma kunnena ba ya ƙarya. In na zauna inda ya nuna, mawaƙi na gabana, masu amshi na bayana, ganga kuwa a ƙirjina take. Ranar da ya cire wayar nan ya gwada jar waya da fara, masu hanya biyu kacal, tun daga madafa na ce masa an kori rabin makaɗan.

Da yake ba mu da ɗa namiji, 'yan'uwansa na garin Jugu suka shigo gado. Ƙaninsa Sale ya ƙirga lasifika, ya ƙirga kawuna.

"Matar Yaya, ai Allah ya kawo sauƙi, kowa ɗaya."

Na ce, "Sale, da saniya ce da rai, kai ƙafa za ka ɗauka?"

Suka yi dariya, suka raba hanta da jini. Lasifika ɗaya ta tafi ƙauyen Seru, gidan da ko wuta babu, kaji ke kwana a kanta. Ni aka bar mini na'urar da amfili, sun zama bebaye. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da marigayi zai leƙo yau ya ga jikokinsa na jin waƙa ta ɗan hujin salula, da ya yi haƙuri. Aikin Sale ne ba zai haɗiye ba.

To, makon jiya Sale ya aiko. Wai ya bi dangi ya tattara lasifikan duka, in ba shi na'urar ya sa a shagonsa. Na san shi, jibge su zai yi a lungu guda, ya ƙure murya don kiran masu saye. Amma in na hana, waƙar da maigidana ya bari ba za ta sake tashi ko'ina ba.

Ku da kuka ji, in ba shi ta yi ihu a Jugu, ko in riƙe ta ta mutu shiru a ɗakina?