Hular da Ba Ta Gado Ba

Wani soji yana tsaye a kasuwar Dogon Dutsi, dogo kamar giginya, kunne ɗaya ya baro a yaƙi. Ina jin daga Sham ya komo, inda Anasara suka rabu biyu suna harbin juna da hannun 'ya'yanmu. Yana ɗaga wata jar hular soji, yana neman dangin mai ita. Wai gawar wani ɗan yankinmu na Arewa ya tarar cikin abokan gaba, ya gane zanen fuskarsa, ya binne shi bai san sunansa ba.

Gwaggona Kaltume, wadda ɗanta Gado yake can, ta dire ƙwaryar furarta, ta matso.

Na karɓi hular na juya. "Haba Gwaggo! Kan taubashina ko masaki bai rufe shi. Wannan ko ƙeyarsa ba ta ɗauka."

Ta auna da tafin hannu, sai ga dariya da hawaye tare. "Ɗan banza! Kan nan ya kusa kashe ni ranar haihuwa, yau ya cece ni."

Sojin bai yi dariya ba. Ya ninke hular a hankali, ya tambayi hanyar Matankari, gari na gaba da zai nemi dangin mai ita.