Yadda Aka Aike Ni In Kushe Jirgin Banufe

Ni Bakatsine ne, kuma ruwan da na sani tun tasowata shi ne wanda ake jawowa da guga. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, saboda haka abin da zan faɗa game da jirgin ruwa a riƙe shi da kyau, don ban kwafo shi daga littafin kowa ba.

Abokina Banufe ne. A garejin bas muka haɗu a nan Landan, shi yana tuƙi, ni ina wanke abin da fasinjojinsa suka ɓata. Katsinawa da Nufawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, don haka ranar da ya ji garinmu ya ce alhamdulillahi, ya tsinci bawa a ƙasar Turawa. Na ce masa haka bawa ke murna in ya hango ubangidansa. Har yau ba a raba wannan shari'a ba.

Da ya yi ritaya, maimakon ya nemi carbi mai kyau ya zauna kamar sauran dattawa, sai ya sayi tsohon jirgin ruwa, irin wanda iska ke turawa, a hannun wani Bature da ya gaji da shi. Yana ɗaure shi a bakin kogin Thames, can ƙasa da unguwar Woolwich, inda ruwa ke janyewa ya bar taɓo. Ya sha gayyatata, ina cewa ina da uzuri.

Wata Asabar babbar 'yarsa, mai aikin jinya, ta zo gidana na saman bene a unguwar Plumstead da doya cikin leda. Doya ba ta hawa bene a banza. Muka gaisa, sannan ta ce, "Baba, watan jiya abokinka ya zame cikin jirgin nan, shi kaɗai. Gwiwarsa ta ƙi ɗaukarsa, ya daɗe a kwance. So muke ya sayar. Mu 'ya'ya ne, ba mu da bakin faɗa masa. Kai kaɗai ne za ka zage shi ya yi dariya."

Na karɓi aikin da hannu biyu. Ba kullum ake roƙon mutum ya ci mutuncin Banufe ba, har da tukwicin doya.

Na same shi yana goge-goge. Jirgin bai kai tsawon bas ba, fari ne da can, yanzu ya koma launin haƙorin mai cin goro. Na zagaya shi da hannu a baya, yadda mahaifina ke zagaya rago a kasuwa. Na ƙwanƙwasa jikinsa nan da can, domin na ga ana yi wa kankana haka. Ko'ina ya amsa da ƙarfi, abin da bai yi min daɗi ba.

A ciki ne na samu abin faɗa. Wani ɗan ɗaki ne da ba ka miƙewa tsaye sai ka gaisa da rufi. Warin dizal da danshi sun yi aure sun hayayyafa. Tagar hagu na yoyo, an tara mata robar man shanu. Katifun zama sun girmi 'yar da ta aiko ni. Murhun gas ɗin lilo yake yi a kan ƙusa biyu, na ce ko murhun ma ya rasa natsuwa. Ya ce da gangan aka yi shi, don in jirgi ya karkata tukunya ta zauna daidai. Na ce to, na yafe wa murhu.

"Inji fa?" na tambaya.

Ya murɗa makulli. Injin ya yi tari irin na tsohon mashayin taba, ya yi tunani, sannan ya kama.

"Wannan ai asibiti ya kamata a kai shi."

"Sa'anka ne," in ji shi. "Shi ma sai an lallashe shi da safe. Amma alƙalin kirki ba ya yanke hukunci a tudu. Sa rigar nan, bawana, mu shiga ruwa."

Rigar da ke hana nutsewa ce. Na ɗaure ta har numfashina ya yi ƙorafi.

Muka fita da inji har tsakiyar kogi. Jirgin ba shi da sitiyari, wata sanda ce kamar ƙotar fartanya ake juya shi da ita, kuma in kana son dama sai ka tura hagu, wanda ya tabbatar min Banufe ne ya ƙirƙiro ta. Ya damƙa min ita, ya ce in sa hancin jirgi yana kallon iska, shi zai je gaba ya ɗaga babban ƙyallen da iska ke bugawa.

Da rarrafe ya tafi. Mutumin da na sani yana tsallake matakalar bas bibbiyu, ga shi yana jan ƙafa ɗaya a bayansa, yana laluben abin kamawa. Ya isa gindin dogon ƙarfen da ƙyallen ke hawa, ya ja igiya, ya huta, ya ja, ya huta. Da ya dawo leɓensa ya yi fari. Bai dube ni ba.

Ya kashe inji. Iska ta cika ƙyallen, jirgin ya kwanta gefe guda, na karanto duk abin da na haddace har da wanda ban haddace ba. Amma bai kife ba. Akwai ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa da ke riƙe shi, yana kai wani wuri sai ya tsaya cak, ya kama tafiya. Ba ya sauri. Wasu samari cikin sabon jirgi suka wuce mu suna ɗaga hannu. Sai dai da wani babban jirgin kaya ya turo mana igiyar ruwa, namu ya hau ta ya sauka kamar tsohuwar da ta san ramukan unguwarsu. Babu ƙara sai ta ruwa a jikin jirgi. Na dubi Banufe, fuskarsa ta dawo wadda na sani a gareji.

"To faɗi abin da aka aiko ka," ya ce. "Ai na lura doya ta ɓace daga kicin ɗina."

"An ce ka sayar."

"Kai me ka ce?"

"Jirgi lafiyarsa ƙalau, in ban da taga. Matuƙin ne ya lalace, kuma shi ba mai saye." Ya yi dariya, amma gajeriya. Na ce, "Laifina ne da na bar bawa yana yawo ba ubangida. Daga yau ba ka kwance igiyar nan sai ina ciki."

"Kai da ba ka iya iyo ba?"

"Shi ya sa ba zan bari ka yi ganganci ba."

Da yamma na kira 'yar na ba ta rahoto. Ta ce, "Baba, na aike ka ka fitar min da tsoho ɗaya daga ruwa, ka zuba min biyu."

Ba ta yarda a ranar ba. Sai da ta zo da kanta ta zauna cikin warin dizal ɗin, ta sa aka kira mai gyara ya jawo igiyoyin duka zuwa wurin zama, yadda ba wanda zai sake rarrafawa gaba. Ta ce ba fita sai hasashen yanayi ya yi kyau, kuma ita ce hasashen yanayin. Ta kuma ce ranar da gwiwar ta sake kayar da shi, maganar ta ƙare, ba ɗan aike. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, a gabana, abin da ban taɓa zaton zan gani daga Banufe ba.

Bana da sanyi ya ja baya mu biyu muka yi wa cikin jirgin sabon fenti. Ni na yi ƙasa, don gwiwoyina har yanzu suna lanƙwasuwa. Shi ya zauna kan bokiti yana nuna min inda na tsallake.