Masar Arba'in ɗin Goggo a Meiganga

Ana idar da sallar asuba muka bar Garwa, ni da ƙanwata, za mu Meiganga sadakar arba'in ɗin Goggo, ƙanwar mahaifinmu da ta raine ni. Ban je uku ba, ban je bakwai ba, kunya ce ta hana ni. Tun tana kwance ta sa aka kira ni a waya, ta ce in zo ta gan ni. Na ce bari yara su sami hutun lekol, wato makaranta. Ba ta kai hutun ba.

A ajans, wato tashar mota, an rantse mana mota ta cika, amma sai da muka ƙara awa guda ana ɗora buhunan albasa. Muna haye gadar Binuwai ƙanwata ta yi barcinta, ita ko a bayan babur aka ɗora ta sai ta yi. Ni kuwa na zauna ina yi wa kaina shari'a: butulu, marar kirki, an goya ki kin kasa tafiyar yini ɗaya. Kwana arba'in ke nan wannan zancen zuci bai bar ni na ci abincin kirki ba.

Bayan Ngong jandarma ya karɓi katin shaidata, ya daɗe yana duban hoton yana dubana, rama ta sa na zama wata daban. A Mbé doya ce jibge a bakin titi, kashi ɗaya sefa dubu biyu. Ƙanwata ta farka ta yi ta tayi kamar da gaske, ba ta sayi ko ɗaya ba. A hawan dutsen Ngaoundéré mota ta yi ta nishi, sanyi ya fara shigowa ta taga. Can muka sake mota, sai bayan la'asar muka isa.

Washegari da hantsi aka kafa tanda a tsakar gida. Wata tsohuwa, ƙawar Goggo, ta hango ni rakuɓe a jikin bango, ta miƙo mini ludayi.

"Taso, 'yar nan, ki yi wa uwarki masa."

Tanda ba ta son raba hankali. Ana zuba ƙullu gurbi-gurbi, kafin a kai na ƙarshe na farko ya isa juyi. Ni na zuba, hankalina ya koma kan wayar nan. Ƙauri ne ya dawo da ni, duk sun ƙone. Na fashe da kuka a gaban mata, ina cewa komai na Goggo sai na ɓata shi.

Tsohuwar ta karɓi cokali ta kankare tandar.

"In 'yarki ce ta ƙona, haka za ki ce mata?"

"A'a, Inna."

"To me za ki ce?"

"Sannu zan ce mata, ta sake zubawa."

"To sake zubawa. Idonki a kan tanda."

Na sake. Na ji ƙarar mai, na ga gefen ƙullu yana yin ja, zafin garwashi yana dukan ƙwaurina. Tunanin ya dawo ya fi sau goma. Duk sa'ad da ya zo sai in ce to, na gan ka, in juya ta gaba. Har azahar ina wurin, kuma ranar na ci masa uku.

Mun dawo Garwa kwana biyu bayan haka, zafi ya tare mu tun daga Gouna. Ba zan yi muku ƙarya ba, baƙin cikin yana nan, kuma jinkirin da na yi ba zai gyaru ba. Abin da na koya shi ne zagin kaina bai kai wa Goggo ladan komai ba, ni kawai yake cinyewa. A Meiganga na bi ɗaki-ɗaki na yi wa kowa gaisuwa. Sai da na ajiye jakata a gida na tuna saura mutum ɗaya. Na zauna a bakin gado na ce wa kaina, "Sannu, ke ma uwa kika rasa. Allah ya ba ki haƙuri."