Kwalabe Biyar a Cikin Firiza

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau uku ina farawa ina gogewa. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron masana mota su karanta su ce me wannan tsoho ya sani. Ina kuma tsoron kada in yi gibar wani ban sani ba, shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba. Mai ɗakina ce ta gaji, ta ce, "Malam, ko ka rubuta ko ka yi shiru, kunnuwanmu sun cika." To ga shi na rubuta.

Ni direba ne, a nan Makka aka haife ni. Tun ina saurayi nake jan bas lokacin Hajji tsakanin Aziziyya da Mina da Muzdalifa, sauran watanni kuma in ɗauki masu Umra. A unguwarmu in mota ta yi tari ni ake kira in saurara. Na faɗi wannan ne don ku san girman kunyar da na sha daga baya.

'Yata ta fari, wadda ko a gida ba na iya kiran sunanta, ta gama karatun koyarwa, aka ba ta aiki a wata makarantar 'yan mata a Turaif, can ƙarshen arewa. Ranar da saƙon ya shigo wayarta na yi sujadar godiya, na tashi na zagaya falo sau biyu, na fita da takalmi ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya na uwarta ina raba wa maƙwabta dabino. Sai da na dawo ta zaunar da ni. Ta ce wata malama da ke can ta gaya mata cewa da sanyi ruwa daskarewa yake yi a cikin famfo, gidan malamai yana da nisa da makaranta, babu bas, kuma watannin farko na gwaji ne. Wadda ta cika makara ana iya sallamarta.

Na bugi ƙirji na ce, "Mota a wuyana." Saura kwana goma sha biyu ta tafi.

Washegari na ɗauki ƙanin mai ɗakina muka nufi haraj, wato kasuwar tsofaffin motoci. Makanike ne, kuma tun ranar da na auri yayarsa bai daina tsokanata ba. A Makka hanyar gwada tsohuwar mota ɗaya ce, kowa ya san ta. Ka shiga, ka tayar, ka murɗa mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, har ƙarshe, ka ɗora tafin hannu a bakin iska ka lumshe ido. In sanyi ya kai ka ga janye hannu, mota ce. In bai kai ba, ko da zinariya aka yi ta, ka fita. Haka ubana ya koya mini, haka na yi kwana uku ina yi. Na shiga motoci sun fi ashirin ina ɗora hannu. A rana ta uku na samu wata fara ƙal, mukayyif ɗinta har haƙorana suka yi tsami. Na ce wa dillalin in sha Allahu gobe zan dawo, na taho gida ina rera waƙa a hanya.

Na nuna wa yarinyar hoton motar, na kwatanta mata irin sanyin. Ta saurara da ladabi har na gama. Sai ta ce, "Tayyib, Baba. Daffaya fa?"

Na ce, "Wace daffaya?"

"Abin da ke hura zafi a cikin mota. Can ai zafi zan nema."

Sai uwarta ta fara dariya, irin wadda ba ta fita da sauti, kafaɗa kawai ke rawa. Ni da na yi rayuwata a bayan sitiyari, ban taɓa murɗa maɓallin nan zuwa jan ɓangare ba. Na san yana nan, kamar yadda mutum ya san akwai bayan kunnensa. Kwana uku na ɓata ina nema wa 'yata sanyi, alhali garin sanyi za ta.

Da safe muka koma wurin farar motar. Na shiga, na yi bisimilla, na murɗa zuwa ja. Iska ta fito yadda ta shiga. Ƙanin mai ɗakina ya buɗe bonet ya leƙa, sai ya riƙe ciki.

"Mijin Yaya, zo ka ga amaryarka! An yanke mata hanji."

Ya nuna mini tiyo biyu da ya kamata su kai ruwan zafi cikin mota. Wani makanike ya taɓa cire su ya haɗe bakinsu wuri ɗaya. Ya ce shi ma haka yake yi wa mutane kullum: in abin ya fara yoyo, wa zai gyara daffaya a Makka? A toshe kawai, mai mota ya yi godiya ya tafi, har ya sayar bai sani ba.

Na ba dillalin haƙuri. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, sai da na tare liman bayan Azahar na tambaye shi ko "in sha Allahu gobe" alkawari ne da ya hau kaina. Ya ce tunda ba a ƙulla ciniki ba babu komai. Na sake tambaya ta wata fuskar. Ya ce, "Malam, je ka ci abinci."

Daga ranar na zama abin kallo a haraj. Sanyinmu na Makka ai suna ne kawai, da hantsi rana tana nan da ƙarfinta. Sai ga dattijo ya shiga mota, ya ɗaga gilashi duka huɗu, ya kunna zafi, ya zauna yana jira. In iska mai zafi ta bugi fuskata sai in ji daɗi ya kama ni, in fito jiƙe sharkaf ina cewa, "Alhamdu lillahi, tana ƙonawa!" Dillalai suka sa mini suna Abu Daffaya. Ina shigowa za a fara kira daga layi zuwa layi, wasu suna ce mini "ya ammi", wato baffa.

"Ya ammi, zo nan, ina da tanda mai taya huɗu!"

"Abu Daffaya, in kawo maka bargo?"

Wani har shayi mai zafi ya miƙo mini ta taga, wai don in ƙara. Na karɓa na sha, ina dariya suna dariya. A cikin kwana uku na samu motoci biyar da daffayarsu ke aiki.

Sai ƙanin mai ɗakina ya jefo mini sabon tashin hankali, yana cin gyaɗa kamar ba komai. Ya ce rabin motocin garin nan ruwan famfo ne a lagiretonsu, in ya ragu a ƙara daga jarka. A nan ba ya nuna illarsa da wuri. A inda ruwa ke daskarewa kuwa, zai zama ƙanƙara a cikin injin ya fasa shi. Ya ce launi ma ba shaida ba ne, don wani yakan zuba ɗan kore kaɗan ya cika da ruwa.

Na ce, "To yaya za a gane?"

"Ba sai ka gane ba. Ka sayi wadda ka ga dama, in zubar da ruwan in zuba na kirki. Aikin rabin awa."

Na ce a'a. Ruwa ana canza shi, amma tsatsar da ruwan famfo ya shekara yana yi a ciki fa? Ni so nake in san halin mai motar. Wanda ya kula da abin da ba a gani, ya kula da sauran.

Ya ce, "Kai dai Yaya ta yi haƙuri da kai."

Na sayi babban sirinji a kantin magani, na samo ƙananan kwalabe biyar na wanke, niyyata in sa ruwan kowace mota a firiza in ga wanda zai daskare. Da sassafe, kafin a tayar da injuna, na bi motocin ɗaya bayan ɗaya ina neman izini ina zuƙo ruwa kaɗan. Kowace kwalba na manna mata takarda na rubuta launin motar. Dillalai suka yi layi a bayana kamar ana ɗaukar jini a asibiti, wani yana tambaya ko motarsa tana da ciwon suga.

A gida aka yi ta. Mai ɗakina tana yin zoɓo na ƙanƙara a leda, matan unguwa suna saye, firizarta cike take. Ruwan lagireto kuwa guba ne, kuma biyu daga cikin kwalaben ja ne, jan zoɓo sak. Da na lura da haka sai na ga wani zai iya ɗauka ya sha. Na ce ba za su kwana wuri ɗaya ba. Na kwashe zoɓonta kaf a cikin baho na kai firizar maƙwabta, sawu huɗu, tana tsaye a bakin kicin ta riƙe ƙugu.

"Malam, firizata ce ta zama haraj?"

"Kwana ɗaya tak, Hajiya."

"In kwastomomina suka zo in ce musu me? Mota muke daskarwa?"

Na jera kwalaben, na rufe, na naɗe murfin da salatif, na rubuta GUBA da Hausa da Larabci na manna. Na kuma kira kowa na gidan na yi masa bayani shi kaɗai, har da ita mai firizar.

Da na dawo daga sallar Asuba na tara su duka kafin in buɗe. Ta farko ta zama dutse. Ta biyu dutse, har ta tsage. Ta uku da ta huɗu sun yi kauri kamar kunun da ya kwana. Na ɗaga ta biyar na girgiza, sai na ji cakal-cakal. Ruwa ne, yadda na zuba shi! Na ɗaga ta sama ina juyi a tsakar kicin ina kabbara, yarinyar ta toshe baki, uwarta ta ce in ajiye gubata waje kafin in yi rawa. Firizar kuwa sai da na wanke ta sau bakwai kafin na yarda zoɓo ya dawo.

A jikin kwalbar an rubuta "ruwan ƙasa". Na san ta. Ita ce mafi muni a cikin biyar ɗin, fenti ya ƙoƙe a rufinta, mukayyif ɗinta kamar numfashin tsoho, shi ya sa ta yi watanni babu mai tayawa. Na nemi mai ita. Dattijo ne ɗan'uwanmu Bahaushe, wanda iyayensa suka zo ta Sudan, ya yi shekaru yana aiki a Tabuk, garin sanyi a arewa, kafin ya dawo gida. Da na ba shi labarin firiza ya yi dariya har hawaye. Ya ce shi da hannunsa yake canza ruwan duk farkon sanyi, ko da ya dawo Makka bai iya dainawa ba, 'ya'yansa suna ce masa tsufa ne. Ya ce, "Batirin nan dai ya gaji, kada ka yarda da shi. Tayoyin baya ma ka duba." Mutumin da zai faɗa maka aibin kayansa kafin ka tambaya, me kuma zan jira? Muka ƙulla.

Ƙanin mai ɗakina ya sa sabon batir da tayoyi, yana yi yana ƙunƙuni wai na zaɓo kaka a cikin 'yan mata. Yarinyar ta zagaya motar sau ɗaya, ta shafa rufin, ta ce, "Baba, ba ta da kyau." Na ce na sani. Ta shiga ta murɗa ja, zafi ya bugi fuskarta, ta kalle ni muka fashe da dariya tare.

Ni na raka ta. Kwana biyu muka yi a hanya, muna karɓa-karɓar tuƙi. Na sauka a wani ɗan masauki kusa da gidan malamai. Safiyar da za ta fara aiki na fito da riguna uku, ina magana hayaƙi yana fita daga bakina, ban taɓa ganin haka ba, na tsaya ina hura iska kamar yaro. Ta zo ta zauna, ta yi bisimilla, ta murɗa makulli. Bugu ɗaya motar ta tashi. Na yi tsalle, wallahi na yi tsalle, a gaban malamai mata uku da ban sani ba.

Sai muka ga ba a ganin hanya. Gilashin gaba ya rufe da farar ƙanƙara, maƙale kamar an shafa. Na ruga na ɗauko butar ruwan zafin da na yi alwala da shi, na ɗaga zan watsa, wata daga cikin malaman ta ƙwala ihu, "La, ya ammi! Zai fashe!" Na tsaya da buta a sama. A ƙarshe da cokalin katako na girkin yarinyar na kankare, daffaya tana taimakawa daga ciki. Ta isa makaranta kafin a buga ƙararrawa, amma da ƙyar.

Yanzu na dawo Makka, kuma an ce sanyin bai ma kai tsakiyarsa ba. Kullum da cokalin nan take fita, ina tsoron ya karce gilashin ko wata rana ya ɓata mata lokaci ta makara. Don haka nake roƙon 'yan'uwa da ke zaune a ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, don Allah ku sanar da ni abin da kuke kankare gilashi da shi, da kuma ko akwai abin da ake rufe shi da shi tun yamma. A kuma gaya mini minti nawa ake barin injin ya ɗumama kafin a ja, don wani ya ce goma, wani ya ce ko ɗaya ba a buƙata, ni kuwa ban san na wa zan faɗa mata ba.