Jar Kinwar Mama Damiana

Duk wanda ya taɓa jiran mota da sanyin safiya a unguwarmu a birnin El Alto ya san Felisa Yujra, ko bai san sunanta ba. Ita ce mai babbar tukunyar nan ta kunun tuffa da kinwa, hatsin nan mai kama da acca, wadda za ta cika maka kofi har ya tumbatsa, sannan ta yi maka faɗa don ka zubar. Shekara ashirin da shida tana wannan sana'a. Da ita ta aurar da 'ya'ya biyu, ta kuma ɗora bene a kan ɗakin da mijinta Anselmo ya gina a karkace. Mace ce mai fara'a, amma in aka taɓo zancen jar kinwar mahaifiyarta sai ludayi ya tsaya mata a hannu. Ita ta kashe irin da kanta, kuma har yau ba ta yafe wa kanta ba.

A wani ƙauye na gefen filin gishiri aka haife ta. Mahaifiyarta, Mama Damiana, tana da gona a gindin tsauni inda take shuka wata jar kinwa mai manyan ƙwaya da ta gada a wurin kakarta. Maƙwabta duk sun koma farar da 'yan kasuwa ke so, ita kaɗai ta kafe. Kinwa kuwa ba a girbe ta a jefa a tukunya, ɗacinta sai ya sa mutum ya tsani ranar. Sai an soya ta a kasko, a juye da zafinta cikin kwarmin dutse, a shiga da ƙafa ba takalmi a yi ta tattakawa har bayanta ya saki, a sheƙe a iska, a wanke ruwa bayan ruwa har kumfa ta ƙare. Tun Felisa tana 'yar shekara tara tattakawar ta zama aikinta. Ta yi kuka a kan dutsen nan ba adadi, tafin ƙafarta ya yi bororo, ya fashe, ya koma kaushi.

Tana da shekara goma sha tara ta sauka birnin La Paz aikatau. Ran nan uwar ɗakinta ta hango ƙafafun tana goge daɓe, ta kira ƙawayenta su zo su gani, suka yi ta dariya. Nan take Felisa ta rantse a ranta ita da dutse har abada. Da ta yi aure ta kama sana'a, kinwar inji take saye, fara tas, wankakkiya, a zuba ruwa kawai a ɗora.

Mama Damiana ba ta san da wannan rantsuwa ba. Duk bayan girbi sai ta ɗaure ƙaramin buhu na jar kinwa ɗanya, ta ba Rufino, yayan Felisa mai tuƙa babbar mota, ya sauke mata. Felisa ta karɓa da godiya, ta jingine shi a bayan ƙofa. Taɓa shi ba ta iyawa, rabuwa da shi kuma kunya. Haka zai zauna shekara guda cur, sai sabo ya iso sannan ta saɓi tsohon ta kai kasuwa a musanya mata da fari. In ta je gida ganin tsohuwa aka tambaye ta yaya kinwar bana, sai ta ce, “Kai, Mama, ai ta fi ta bara daɗi. Anselmo har kwano yake lashewa.” Anselmo kuwa ko launin ƙwayar bai sani ba. Ƙarya ce ƙarama, amma duk lokacin da ta yi ta sai abinci ya fita ranta har washegari.

A wata shekara, cikin Nuwamba, Rufino ya kira ta. A ƙauyen sai an hau tudu ake samun waya, shi kuma mutum ne da magana ke yi wa tsada.

“Mama na tafe ranar Asabar. Ta ce zancen buhun nan ne zai kawo ta.”

“Wane zance, Yaya? Me ta ce?”

Layi ya katse, ta yi ta kira bai shiga ba. Tsohuwar da ta fi shekara goma ba ta taka birni ba, me zai taso ta in ba ta ji labari ba? Ta juya ta dubi buhun, yana nan da ƙullin uwar, ko zare ba a zare ba.

Anselmo ya ce, “Ke dai ki faɗa mata gaskiya ki huta. Tsohuwa ce, ba soja ba.”

“Ka san ta ne? Kallo ɗaya za ta yi min in gwammace duka.”

“To ki ce ni ne ba na so.”

“Kai da na ce kana lashe kwano?”

“Au, har da ni a ciki? Shekara nawa ina lashe kwanon nan ban sani ba?”

Ba ta ko yi murmushi ba. Ta rufe sana'a kwana uku, ta aro dutse a wurin wata dattijuwa ta bayan layi, ta hura wuta a tsakar gida. Dabararta ita ce a gyara buhun kakaf, a raba rabi ga maƙwabta, in Mama ta zo ta tarar da ragowa kamar ta gidan da ake ci kullum. Kasko bayan kasko ta soye shi duka. Da ta sa ƙafa a kwarmin dutsen sai da ta yi ƙara, don ƙafar ta daɗe da zama ta 'yan birni. Anselmo yana daga baranda yana cewa uwargida ta koma rawar 'yan mata, a kawo makaɗa. Ta tattaka tana hawaye, ta sheƙe, ta wanke har yatsunta suka ƙage, ta shanya a kan bene. Abin da zai ba ka haushi, a kwanakin nan uku zuciyarta wasai take, gani take ta fara biyan uwarta hakkinta. Ita da aka haifa a gona, ko sau ɗaya bai faɗo mata ba cewa Nuwamba ƙarshen lokacin shuka ne.

Ranar Asabar da hantsi ta dafa fate mai kauri, da madara da cuku, yadda ake yi a gida. Rufino ya sauke tsohuwa a bakin layi ya wuce da kayansa. Mama Damiana ta shigo da ƙunshinta a baya, ta rame, hularta duk ƙura. Tana taka tsakar gida ta tsaya cak, ta ɗaga hanci. Ta dubi dutsen da ba a mayar ba, ta dubi ƙafafun 'yarta naɗe da tsumma.

Felisa ta yi maza ta shimfiɗa mata fata a kan kujera, ta miƙa kwano. Tsohuwa ta ɗiga kaɗan a ƙasa kamar yadda aka saba, ta kai cokali baki, ta tauna a hankali.

“Ba ɗaci ko kaɗan. Ashe ba ki manta ba.”

“Ai kullum muna ci, Mama.”

“Bari, 'yar nan. Rufino yana ganin buhun bara da ƙullina duk shekara in ya kawo sabo. Na daɗe da sani.”

Felisa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fara ba da haƙuri, tsohuwa ta ɗaga mata hannu.

“Da farko na ji zafi. Daga baya na ce, to, ai na samu rumbu a birni, ba ɓera, ba danshi. Shi ya sa nake zaɓo miki mafi kyawun zangarniya. Bana na shuka, iska ta binne tsiron da yashi. Na sake da sauran irin, sanyi ya ƙone shi a dare ɗaya. Wadda nake ci a gida duk soyayyiya ce. Na ce ba komai, akwai na wurin Felisa.” Ta ajiye cokali. “Nawa kika soya?”

Anselmo ya cire hula ya riƙe a hannu, ya amsa a madadin Felisa.

“Duka, Mama.”

Soyayyiyar kinwa ba ta tsira, wannan ko yaron ƙauye ya sani. Tsohuwa ta miƙe ta nufi bayan ƙofa, inda buhun ya saba zama, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo tana shafa daɓe da tafin hannu. Amma Felisa mace ce mai tsabta, ta share ta wanke ko'ina saboda baƙuwa. Suka zazzage buhun a kan farin zane, abin da ya faɗo bai rufe bakin cokali ba. Mama Damiana ta ƙulle shi a gefen mayafi duk da haka. An shuka, uku suka fito, ƙanƙarar Janairu ta kwashe su.

Da ta zage ta, da Felisa ta samu sauƙi. Ba ta zage ta ba, a ranar ko bayanta. Ta dawo ta zauna, ta cinye fatenta tas, ta sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri, ta kwance tsumman ƙafar 'yarta da kanta ta wanke bororon tana tsaki, wai wa ya ce a shiga tun tana tururi. Felisa tana kuka tana cewa a yafe mata, uwar tana cewa ta daina motsa ƙafa.

Washegari da za ta hau mota ta ce, “Sauran nan da kika gyara, ɗaure min shi.”

“Mama, bari in karɓo na wurin maƙwabta in haɗa miki.”

“A'a, abin da aka bayar an bayar. Wannan ya ishe ni. Cokali biyu ran Lahadi, zai kai ni.”

Ya kai ta kuwa. Ta rasu bayan shekara biyu, kuma da Felisa ta je zaman makoki ta tarar da saura kamar cikin tafi a gindin tulu, an rufe bakinsa da ƙyalle an ɗaure tam.