Ra a Bakin 'Yata

A Kano, malaminmu na Turanci ya koya mana karkaɗa harshe a kan kowace ra. Shi ya sa hankalina ya tashi da na ji 'yata, haifaffiyar Rusholme a Ingila, tana haɗiye ta ƙarshen kalma. Na ɗauka tsamin baki ne. Da farko na sa ta maimaitawa kowace safiya. Bayan wata guda na kai ta wurin GP, wato likitar unguwa.

Likitar ta saurare ta, ta yi dariya.

"Lafiyarta ƙalau. Haka muke magana a nan, har Birmingham. Mutanen Scotland ne masu karkaɗawa irin taku."

Daga ranar na ƙyale yarinyar da Turancinta. Amma in ta gaishe ni da Hausa, sai ra ɗin ta fito sosai nake amsawa.