Shuɗiyar Fitila a Ɗakin Jego

Duk wanda aka haifa a layinmu na Malumfashi, in ka bincika, Inna Hajo ce ta fara yi masa wanka. Ni kaina ban tsira ba, kuma ba ta bari na manta. Ko yau na wuce ƙofar gidanta ban rusuna sosai ba, sai ta ce, "Ke, rage tsawo, ni na wanke ki kina tsanyara."

Daga wani ƙauye na Kafur aka kawo ta aure, tun lokacin da auduga ke da daraja. Mijinta Malam Mudi manomi ne, ya rasu ya bar mata gida da 'ya'ya biyu: Kamalu ɗan fari, da auta Shafa'atu. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ban san wata tsohuwa da ta yarda da asibiti kamar ta ba. Ita ke kora matan layi zuwa awo, ita ke tsare mai ciki ta tambaye ta ko ta sha ƙwayoyin ƙarin jini. Saboda haka matasa suka sa mata Nas Hajo don tsiya, ita kuwa ta karɓi sunan hannu bibbiyu.

Wani halin nata shi ne ba ta yarda akwai abin da aka yi shi haka kawai ba. Gwangwanin madara ma'aunin gishiri ne, tsohon buhun taki shimfiɗar shanya kuɓewa ne. In ta ga abu ba ta gane amfaninsa ba, hankalinta ba ya kwanciya sai ta gano.

Kamalu direban babbar mota ne, yana ɗaukar masara daga Funtuwa zuwa kudu. Ba ya shan sigari, ba ya yawon banza, amma Allah Ya jarrabe shi da son kiɗa. Ya sa sola a ɗakinsa, ya sayo wasu sifikoki guda biyu dogaye, kowace ta kai ƙugun mutum. Wannan bai dami Inna ba, ta san aikin sifika, surutu. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne wata siririyar igiya mai ƙananan ƙwayayen fitila da ya zo da ita daga baya. Maimakon ya rataye ta inda za a gani, sai ya manna ta a bayan sifikokin, ta fuskanci bango. In ya danna rimot, bangon ya yi ja, ya yi kore, ya yi shuɗi, ɗakin kuwa yana nan da duhunsa. Ko allura ba za ka iya zura wa zare ba.

Da wani ne ya yi wannan, da tuni Inna ta titsiye shi. Amma Kamalu ɗan fari ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, in za ta ambace shi sai ta ce "mai motar nan". Don haka ta aika Shafa'atu.

"Ki tambayi mai motar nan, fitilar da ya ɓoye bayan akwati, mi take haskawa?"

Shafa'atu ta je ta dawo. "Inna, ya ce bango."

"Bangon ɓata ya yi ake neman shi?"

"Ya ce ado ne."

"Ado a bayan kaya? Ke kin taɓa ganin matar da ta sa 'yan kunne ta rufe su da tukunya?"

Shafa'atu ta yi ta dariya, Inna kuwa ba ta yi ba. Ta yanke a ranta cewa yaron nan yana ɓoye wani abu. Ta taɓa tambayata ko maganin sauro ce, na ce a'a. Ta ce ko tana hana injin ɗaukar zafi, na ce ban ji ba. Ta dube ni ta ce bokon nawa bai yi mini rana ba.

Shekara ta zagayo, Shafa'atu ta yi aure a Kafur, wajen wani manomi mai suna Rabe. Da cikinta ya tsufa ta dawo gida goyon ciki, yadda ake yi a haihuwar fari. Lokacin kaka ne, masara ta cika ko'ina, Kamalu yana hanya ba a ganin ƙeyarsa. Ɗakinsa ne kaɗai mai silin da ƙofar da ke rufuwa ruf, sai ya aiko da makulli ya ce a sa ƙanwarsa a ciki.

A asibiti ta haihu, Inna ba ta wasa da wannan. Namiji ne, lafiyayye, aka sallamo su. Inna ta shirya ɗakin jego yadda ta gada: taga a rufe, labule mai kauri a ƙofa, kaskon garwashi a gefe, kunun kanwa ba ya yankewa. Jariri ba ya leƙa tsakar gida kafin suna. Ko da rana tsaka, in ka shiga ɗakin sai ka tsaya idonka ya saba.

Bayan 'yan kwanaki, Inna tana shafa masa mai a bakin ƙofa, sai ta ga farin idonsa ya sauya, ya yi ruwan ɗorawa. Ta san shawara in ta gan ta. Ta ce a ranta gobe da safe sai asibiti, al'ada ta yi haƙuri. Ta koma ciki tana lalube don ta kunna ƙwan ɗaki ta ƙara duba shi, hannunta ya faɗa kan rimot ɗin Kamalu. Ta danna, bangon ya yi shuɗi.

Ta ce mini a nan ta tsaya kamar an dasa ta. Shekarun baya ta taɓa raka wata maƙwabciya wani asibiti a Funtuwa da jariri mai shawara. Da idonta ta ga an tuɓe shi, an rufe masa ido, an kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Babu allura, babu ruwan magani, fitila kawai, kuma yaron ya warke garau, yanzu har yana tuƙa keke napep. Ga irin shuɗin nan a bangon ɗanta.

"Ashe!" ta ce da ƙarfi.

Nan take komai ya zauna mata daidai. Mai motar nan ya san ƙanwarsa za ta zo haihuwa wata rana, ya sayo fitilar asibiti a kudu, kunya ta hana shi faɗa, ya ce ado. Wane namiji ne zai tsaya gaban uwarsa yana zancen haihuwa? Ta ce har ƙwalla ta yi don jin daɗi, ta yi ta sa masa albarka.

Ta ja sifika ɗaya gaba, ta shimfiɗa zani a tsakaninta da bango, ta tuɓe jaririn, ta ɗaura masa tsumma mai laushi a ido yadda ta ga an yi. Can an jima ta buɗe idon ta duba. Babu ruwan ɗorawa, ko alama. Abin da ba ta sani ba, a ƙarƙashin shuɗin haske ba a ganin wannan launi ko a jikin wa yake. Ita dai ta ga ya tafi.

"Inna, ba kin ce gobe asibiti ba?" in ji Shafa'atu.

"Asibitin ya zo mana har ɗaka, ɗiyata. Kwanta abinki."

Daga ranar fitilar ba ta mutu ba. Matan layi muka yi ta shiga barka, kowa ya fito yana yabon ɗakin. Ni ma na ɗauki jaririn, na ga goshinsa shuɗi kamar yadda hannuna ya yi shuɗi, na ce tubarkalla. Shafa'atu ta fara cewa ba ya kama nono sosai, barci kawai yake yi. Inna ta ce maganin ne ke ratsa shi. Shafa'atu ta ƙara cewa kukansa ya sauya, ya zama siriri. Inna ta kai shi gindin fitilar ta buɗe idonsa, ta ce, "Duba da kanki, fari tas." Shafa'atu ta duba, ta ga haka ne, ta koma ta kwanta.

Ranar suna da safe aka raɗa masa Ubaidullahi a ƙofar gida. Hantsi ya ɗaga, wanzami ya shigo tsakar gida ya shimfiɗa tabarmarsa don aski, aka miƙo masa jariri. Wannan ne karo na farko da rana ta gan shi tun dawowarsu daga asibiti.

Ina tsaye a wurin. Wanzamin ya buɗe zanin, ya mayar da askarsa cikin zabira. Yaron nan ruwan ɗorawa ne tun daga goshi har tafin ƙafa, ya sandare yana banƙarewa baya.

"Hajiya, wanga yaro ba aski yake so ba. Ku kai shi asibiti yanzun nan."

Inna ta karɓe shi, ta duba, ta ce ba haka yake ba. Ta ruga da shi ɗaki gindin fitilar, ta ga babu komai. Ta fito rana, ga shi. Ta sake komawa, ta sake fitowa, mata cike da gida suna kallon ta, tukwanen shinkafar suna suna tafasa. Tana ta cewa, "To wanne ne gaskiya? Ku gaya mani wanne ne gaskiya!" Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a lokacin ba. Rabe ne ya karɓe ɗansa daga hannunta a hankali, ya fita neman keke napep.

Na bi su. A asibiti wata nas ta tambaya tun yaushe aka ga alamar, Inna ta faɗa. Ta ce me ya hana a kawo shi? Inna ta yi mata bayanin fitilar dalla-dalla, har da tsumman ido, tana jiran a ce ta yi daidai. Nas ɗin ta ce, "Mama, waccan fitilar kwalliya ce, ba ta magani."

Ba a jima ba aka tuɓe Ubaidullahi, aka rufe masa ido, aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila.

Inna ta kama hannuna ta matse. "Ke, ba abin da na yi ba ke nan?"

Nas ɗin ta yi ƙoƙari, ta ce launin ne ya zo ɗaya, amma ƙarfin hasken da irinsa daban. Inna ta dubi fitilar, ta dubi nas, ta ce, "Shuɗi dai shuɗi ne." Ba gardama take yi ba, neman inda za ta dafa take yi. Kafin la'asar aka ce fitilar ma ba za ta isa ba, sai an tura shi babban asibiti an sauya masa jini.

Kamalu ya dawo daga hanya ya tarar da labari. Ya shiga ɗaki ya fizge igiyar fitilar ya jefa ta bayan gida. Har yau shi da Inna ba su taɓa yin zancen ba. Shi yana ganin shi ya kawo ta gidan, ita tana ganin ita ta kunna, kunya kuma ta tsaya a tsakaninsu.

Ubaidullahi ya rayu, Alhamdu lillahi. Yanzu yana gudu ko'ina, kyakkyawa, mai yawan dariya. Amma tun yana rarrafe aka lura in kwano ya faɗi a bayansa ba ya firgita. Likita ya ce shawarar ta taɓa jinsa, ya ce da an kawo shi da wuri, wataƙila da ba haka ba. Bai ce tabbas ba, wataƙila ya ce, kuma wannan kalma ita ta hana Inna sakat.

Ta daina wankan jarirai. In an zo kiran ta sai ta ce hannunta na ciwo. Amma duk gidan da aka haihu a layinmu, za ka gan ta ta shiga ba sallama mai tsawo, ta yaye labule, ta buɗe taga, ta ce a fito mata da yaro rana. Tsofaffi 'yan'uwanta suna gunaguni wai ta ɓata al'ada, ba ta ko kallon su.

Kwanan baya Shafa'atu ta kawo Ubaidullahi wuni. Na shiga na tarar yana wasa da totuwar masara a tsakar gida, Inna tana zaune a bayansa kan kujera 'yar tsugunno. Ba ta san na shigo ba. Na ji ta ce a hankali, "Ubaidullahi." Ta ƙara ɗaga murya, "Ubaidu." Yaron yana ta jera totuwarsa.

Da ta gan ni ta gyara mayafi, ta ce in zauna. Na zauna kusa da ita.

"Ke da kika yi boko," ta ce, "da ban danna abin nan ba, da na kai shi washegari, ko?"

Na ce, "Inna, abin da Allah Ya rubuta ba ya kankaruwa."

"Na sani," ta ce. "Ba ita na tambaye ki ba."

Ta juya ta sake kiran sunansa.